RA'AYINMU: A BIYA MAKAƊI TUN YANA RAYE

A shekarar 1973 wani saurayi mai suna David Harrington ya kafa ƙungiyar makaɗa huɗu a birnin Seattle na Amurka, ya sa mata suna Kronos. Kayan kiɗansu dangin goge ne irin na Turawa: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, da babba ɗaya wanda ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Irin wannan ƙungiya ta saba maimaita kiɗan magabata da suka daɗe a kushewa. Su kuwa 'yan Kronos suka ɗauki wata hanya dabam: su je wurin mai hikima yana raye, su biya shi, ya tsara musu sabon kiɗa. Na farkon da suka nema malamin Harrington ne, Ken Benshoof, ladansa kuwa ƙunshin fanken Turawa, don ba su da ko anini. Daga wannan ƙaramin mafari, kiɗe-kiɗen da aka tsara dominsu sun haura dubu.

A 1992 suka fitar da faifan Pieces of Africa, wanda mutum bakwai daga nahiyarmu suka tsara. A cikinsu akwai Foday Musa Suso, mai kora daga Gambiya, da Obo Addy na Ghana, da Dumisani Maraire na Zimbabwe, da Hamza El Din, Banube daga bakin kogin Nilu. A 2015 kuma suka soma shirin kiɗe-kiɗe hamsin, rabi na mata rabi na maza, aka sa su a intanet kyauta don ɗalibai su koya.

Mun san akwai masu cewa wannan wata sabuwar dabara ce ta kwasar dukiyar Afirka, tun da kayan kiɗan na Turawa ne, ribar kuma can take komawa. Maganar ba ta banza ba ce, gama an sha naɗar muryoyin makaɗanmu a tafi da su, a rubuta "kiɗan gargajiya" kurum, kamar ba ɗan Adam ne ya ƙaga ba. Amma a nan kowane kiɗa yana ɗauke da sunan mai shi, an roƙe shi, ya yarda, ya tsara abin da ya ga dama. Wanda ya yi sallama aka ba shi, ba a kiransa ɓarawo.

To, ina ruwanmu? Ai ɗaukar nauyin makaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Narambaɗa bai zama Narambaɗa ba sai da inuwar Sarkin Gobir na Isa. Doki da riga da hatsi su ne suka ba makaɗan fada sukunin zama su tsara abin da har gobe ake saurare. Wannan inuwa ta ragu ƙwarai, mu kuwa 'yan boko da ya kamata mu gaje ta mun tsaya ga tafi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, muka cika jaridu da ta'aziyya. Mai kukuma da mai goge da ke raye yau, wa ya taɓa biyansu don su fito da sabon abu?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta keɓe wani kaso daga kuɗin makon al'adu kowace shekara, a nemi makaɗi guda, a haɗa shi da ɗalibai masu son koyo, ko da masu kayan kiɗan wata ƙasa, a biya shi hakkinsa a rubuce, a naɗi aikin, a ajiye a laburare da sunansa. Ma'aikata matasa da ke ofisoshin al'adu su ma su tuna da wannan ranar da ake tsara kasafi. Idan ƙunshin fanke ya isa fara aiki irin wannan, ba mu da hujjar fakewa da talauci.

Allah ya sa mu gane darajar namu tun suna tare da mu.