Kiɗan na'ura da Yusuf Islam ya bari a baya

Da yawanmu mun san Yusuf Islam ne ta waƙoƙinsa na koya wa yara addini, amma ba kowa ya san cewa a 1977, lokacin yana amsa sunan Cat Stevens, ya yi wani kiɗan rawa da na'ura da ya riga zamaninsa ba. Mutumin nan fa da jita da tattausar murya ya yi suna, tun faifansa na Tea for the Tillerman na 1970. Kwatsam, a faifan Izitso, sai ga wani kiɗa mai suna Was Dog a Doughnut?, babu baiti ko ɗaya: bugu ne mai maimaita kansa, ga sautin na'ura na hawa da sauka, ga haushin kare jefi-jefi, makaɗi Chick Corea kuma na taɓa fiyano mai aiki da lantarki. Ba abin da masoyan jitarsa suka zo nema ba ke nan. Masu juya faifai a gidajen rawa na New York ne suka gane darajarsa, har ɗaya daga cikinsu, Jellybean Benitez, ya sake buga shi a 1984. A ganina, duk cikin faifan babu inda Cat Stevens ya nuna ƙarfin hali kamar nan, don bai tsaya neman yardar kowa ba, kuma kunnensa bai yaudare shi ba. Sai dai bai ɗora a kai ba: a watan Disamba na 1977 ya musulunta, ba da jimawa ba ya jingine waƙar zamani, bai koma mata ba sai 2006.