Haraji da jangali ba daga Legas aka soke su ba

Duk sanda aka ɗago maganar rage wa gwamnatin tarayya iko a ƙara wa jihohi, sai wasu 'yan uwanmu na Arewa su zabura, wai ajandar 'yan Kudu ce, so ake a raba mu da kuɗin man fetur. Abin takaici, cikin masu wannan ihun har da masu kiran kansu almajiran Malam Aminu Kano.

To jama'a, mu tuna baya kaɗan. A 1979 NPN ce ke riƙe da tarayya, Shagari na Legas. PRP jihohi biyu kacal ta samu, Kano da Kaduna. Da waɗannan biyun Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, kuɗin da talaka ke sayar da akuyarsa ko hatsin rumbunsa ya biya. Ba su jira majalisar tarayya ba, domin abin yana ƙarƙashin ikonsu. A 1980 Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata, tarayya ta biyo baya a 1981. Hukumar yaƙi da jahilci da Rimi ya kafa har lambar yabo ta UNESCO ta ci a 1983. Can Yamma kuwa, gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955, tarayya ba ta kawo UPE ba sai 1976. Shekara 21 ke nan tsakani. Da sun zauna jiran tarayya, ai da 'ya'yan wannan zamanin sun tsufa ba su ga allo ba.

Yau kuma me muke da shi? Tsarin mulkin 1999, wanda soja suka bar mana, tun asali ya ware abubuwa 68 da tarayya kaɗai za ta iya yi wa doka. Wurin rabon kuɗi, Abuja ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Alhali makarantar firamare, da asibitin ƙauye, da ruwan sha, da hanyar gona, duk a wuyan jiha da ƙaramar hukuma suke. Tsaro ma haka. Ana ce wa gwamna shugaban tsaron jiharsa, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni. Shi ya sa a 2018 Abdul'aziz Yari ya fito ya ce ya ajiye wannan laƙabin a Zamfara.

Na san abin da za a rubuto a ƙasa: gwamnonin nan ne za ka ƙara wa iko? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Su ne suka danne kuɗin ƙananan hukumomi har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024. Dattawanmu ba su manta yadda 'yan doka na En'e suka riƙa lallasa 'yan NEPU ba. Kuma gwamnatin Jihar Arewa ce ta hana mata jefa ƙuri'a, su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kai, sai 1976 aka ba su. Saboda haka 'yancin ɗan ƙasa dole ya zauna a tsarin mulki, inda wani gwamna ba zai iya taɓa shi ba.

Amma a faɗi gaskiya, wa ya fi sauƙin kamawa? Gwamna a garinku yake, kun san gidansu, kun san 'yan majalisarsa. Kanawa sun kayar da gwamna mai ci a 2003, Zamfarawa sun yi haka a 2023. Ministan da ke Abuja fa, wa ya zaɓe shi? Kuma tsarin da ake ciki ai gwamnoni ya fi yi wa daɗi: a karɓo kaso ƙarshen wata, in an tambayi aiki a ce laifin Abuja ne.

Ga wutar lantarki nan ta tona asiri. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya bai wa jihohi damar samar da wuta su rarraba, har da jirgin ƙasa da gidajen yari. A watan Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Su wa suka fara karɓar ikon kula da wutarsu a 2024? Enugu, Ondo da Ekiti. Mu kuma a watan Oktoba na shekarar, layukan da ke kawo mana wuta suka lalace, yawancin Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. Tela, mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, kowa ya naɗe hannu, masana'antun Sharaɗa da Challawa suka koma kan dizal. Ga rana tana dukanmu shekara zagaye, ga madatsun Tiga da Challawa.

Wannan ikon ba wanda ya hana mu, an riga an bayar. Don haka kafin ka sake rubuta wa Abuja doguwar wasiƙa, nemi lambar ɗan majalisar jiharku ka tambaye shi: mun yi dokar lantarki? In an yi, me ta haifar? Wanda ya samu amsa ya ajiye mana a nan, da sunan jiharsa.