Wa Zai Rubuta Tarihin Tukuba?

A birnin New Orleans na ƙasar Amurka akwai wani kanti da ake kira Central Grocery. Wani baƙo daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, mai suna Salvatore Lupo, shi ya buɗe shi a shekarar 1906. An ce manoman Sisili da ke kawo kayan lambu kasuwar da ke kusa da shi sukan zo da rana su sayi burodi dabam, nama dabam, cuku da zaitun dabam, su zauna suna fama da su a kan gwiwa. Da mai kanti ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya tsaga burodin ya zuba musu kome a ciki. Wannan abinci da suke kira muffuletta shi ya ɗaga sunan kantin, kuma zuriyar mutumin suka ci gaba da riƙonsa. A watan Agusta na 2021 guguwar Ida ta lalata ginin, aka rufe shi, jaridu suka yi ta juyayi, har aka sake buɗe shi a ƙarshen 2024.

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mun kawo wannan labari ne saboda abin da ya faru a gida a ƙarshen wannan wata na Agustan 2021. A lokacin ne Gwamnatin Jihar Katsina, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa dokar hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samu. A watan Satumba aka katse layukan waya. Ba mu zo yin shari'a a kan dokar ba, domin an yi ta ne ana cikin zubar da jini. Amma ku dubi mahaucin da ya gaji tukuba daga ubansa, shi kuma uban daga nasa uban. An wayi gari babu sa a kara, itace ya yi tsada, dare kuma, wanda shi ne kasuwar mai tsire, ya zama abin tsoro. Kanti ɗaya ya rushe a Amurka duniya ta ji. Tukuba nawa ce ta mutu tsakanin Ruma da Runka, wa ya ƙidaya?

Gidajen abinci na gado muna da su tun kafin zuwan Turawa, sai dai ba su da allo a ƙofa. Fawa sana'ar gida ce, tana da Sarkin Fawa da tsarinta. Yaro yakan fara da wankin kayan ciki da feƙe tsinke, sannan ya koyi yanka da jera nama, kafin a yarda ya taɓa haɗin yaji. Ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro kowa ya san su, amma gwargwadon da ake zubawa sirrin gida ne, shi ya sa mutum kan wuce tukuba uku ya je ta huɗu. Haka mata suke a cikin gidaje. Mai waina ta gaji tanda daga uwarta, mai fura ta gaji turmi, mai ƙosai da mai ɗanwake kowace da masu neman nata. A Batsari, inda Allah Ya albarkaci ƙasa da rogo da dankali, dafaffen rogo da ƙuli ya ci da gidaje da yawa, kuma da ribarsa aka sayi littafin wasunmu.

Wani zai ce, ana kukan rayuka ku kuna zancen tsire? Haƙiƙa rai ya fi kome, kuma ba mu manta da mutum 30 da aka kashe a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari a watan Fabrairu na 2020 ba. Amma a tsaya a duba abin da ke cikin tsinke ɗaya. Naman daga garken Bafulatani ya fito, gyaɗar daga gonar Bahaushe, itacen daga gefen Dajin Rugu, mai saye kuwa sai hankalinsa ya kwanta zai fito bayan lisha. Haka fura da nono: gero na manomi, nono na makiyayi, suka haɗu a ƙwarya ɗaya shekaru aru-aru. Ranar da 'yar Fulani ta ji tsoron kawo nono gari, ranar ce zumunci ya tsinke, ko da ba a harba bindiga ba. Saboda haka wanda ke son ya auna ko sulhun da aka yi a waɗannan yankuna a 2025 ya kama ƙasa, to, ya je bakin tasha da dare ya ga ko wutar tukuba tana ci, ya je kasuwa da hantsi ya ga ko ƙoren nono sun dawo.

Wani laifin kuma namu ne, mu 'yan boko. Mun yi karatu da kuɗin waina, mun dawo muna jin kunyar tanda. Har yau akwai gidajen da ke hana mahauci aure, alhali kuwa ba sa biki sai da namansa. Ɗan mahauci ya sami digiri, sai ya ɓoye sana'ar gidansu kamar wani abin kunya, shi kuwa jikan Ba'italiye yana riƙe da kantin kakansa. Abin takaici ma, wata Baturiya, Polly Hill, ita ce ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bi sana'o'in talakawa da cinikin da mata ke yi a cikin gida, ta buga littafinta a 1972. Fiye da shekara 50 ke nan. Mu da aka goya mu a gindin murhun, me muka rubuta?

Ba mu ce kome na waɗannan wurare daidai yake ba. Akwai ƙuda, akwai ƙarancin ruwa mai tsabta, akwai kwatar da ba ta da magudana. Amma maganin wannan yana hannun ma'aikatan ƙananan hukumomi, watau yayyenmu da mu kanmu gobe. Duba-gari ya zama mai koyarwa kafin ya zama mai cin tara. Wanda ke karɓar kuɗin rumfa ya tuna cewa ana bin hukuma bashin famfo da gyaran kwata. In kuma za a raba jari ga waɗanda rikici ya kora daga ƙauyukansu, lalle ne a sa masu sana'ar abinci ta gado a gaba, domin ba sa bukatar a koya musu kome, tukunya da ɗan abin juyawa kurum suka rasa.

Mu ɗalibai kuwa, aikinmu mai sauƙi ne. Hutu mai zuwa kowa ya nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya mai irin wannan sana'a a garinsu, ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izini, sannan ya tambaya: wa ya fara, daga ina ya zo, zamanin wane hakimi, nawa ake sayar da tsinke a da, yaya aka yi a shekarun fari da shekarun gudu? A rubuta da Hausa, a kai sassan Tarihi da na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda take maƙwabciyar Safana, a kuma ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha. Wannan mujalla ma tana iya ware shafi guda domin haka.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan nan suna ƙarewa, wasu sun watsu a Katsina da Dutsin-Ma suna zaman baƙunci, kuma abin da suka sani yana cikin kansu ne kawai. Mu gaggauta tun suna raye. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa da sana'arsa, amin.