Dariyar mutane ba ta kashe kututture

  

Zancenmu na wannan wata ya taso ne daga wani abu da ya faru a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci. Akwai wani magidanci cikin ɗalibaina, ya girme ni. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana karanta wannan jarida. In ana gayya a garinsu shi ne mai waƙa. Da ya buɗe baki sai ka ga masu hauya sun manta da rana. Bara ya koyi baƙaƙe. Bana hannunsa ya faɗa. Sai ya zauna dare uku da fitila, ya rubuta waƙarsa ta kansa cikin kaye. Waƙar a kan rijiyar garinsu take, da wahalar da mata suke sha wajen jan guga.

Ran da ya tashi zai karanta mana, harshensa ya sarƙe a layi na biyu. Wasu samari biyu suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce: "Baba, kai da ba ka taɓa shiga lakwal ba, yau kai ne marubuci?" Bai tanka ba. Ya yage takardar, ya cusa ta aljihu. Yau sati uku ke nan ba mu gan shi ba.

Na je har gidansa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce: "Mushe, bar ni. Rubutun waƙa na masu ilimi ne. Ni manomi ne." A ranar ban samu amsar da ta dace ba. Ga amsata yanzu, gare shi da duk mai irin tunaninsa.

Ku dubi gonakinmu na ƙasar Agiye. Ku dubi gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya da ke tsaye cikinsu. Yaran yau suna zaton haka abin yake tun fil azal. Ku tambayi tsofaffi. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Iska tana binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku. Mata suna yini neman iccen girki. A lokacin nan manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya sare duk wani toho, ya ƙone. Wanda ya bar sabara a gona, rago ne sunansa.

An yi ta kawo ƴan itatuwa cikin leda ana dasawa. Mafi yawansu suka mutu, wasu don ƙishirwa, wasu awaki suka cinye. A 1983 wani Bature mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Ya dubi wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya gane ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne na iccen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa. Ya ce ba dashe ake bukata ba. A bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Wannan ne muke kira sassaben zamani. Kuma dabarar ba baƙuwa ba ce ƙwarai, don kakanninmu sun san amfanin barin gawo a gona.

To, su wa suka fara gwadawa? Manoma ƴan kaɗan, irinmu, waɗanda yawancinsu ba su san ko "a" ba. An yi musu dariya. An ce gonarsu ta ƙazanta. An ce sun bi mahaukacin Bature. Har da dare akan shiga a sare musu rassan. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su bar itatuwa a gona, amma da abincin ya ƙare da yawa suka koma suka sare. Sai dai wasu suka ƙi sarewa, don sun ga abin da idonsu ya gani: iska ta rage, ganye yana zuba yana zama taki, ga icce kusa da gida, ga abincin dabba da rani.

Nan ƙasarmu, mutanen Ɗan Saga sun ƙara da tasu dabara. Suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka sa doka ta gari a kan mai sata da mai sara. Yau baƙi suna zuwa daga nesa su ga aikinsu. Masana sun yi lissafi sun ce a Nijar wannan aiki ya kai hekta wajen miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Ba mota ce ta kawo su ba. Hannun manomi ne da adda da gatari.

A Burkina Faso ma haka aka yi. Yakuba Sawadogo, manomi ne na ƙasar Yatenga. Ya riƙa haƙa ramuka tun da rani a ƙasar da ta mutu, yana zuba taki a ciki, irin abin da muke kira tassa. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Ramukan nan suka zama daji. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Tony Rinaudo. Ya rasu a 2023, dajinsa yana nan.

Wani zai ce: wannan ai noma ne, ina ruwansa da waƙa? Ni kuwa na ce hanyar ɗaya ce. Duk wanda Allah ya sa wa wani abu sabo a ka, ko waƙa, ko tatsuniya, ko zanen ƙwarya, ko saƙar tabarma, ko sabon samfurin garma, dariya ce take fara tarbarsa. Alhaji Mamman Shata na Musawa, wanda muke ji a rediyo har gobe, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Tallar goro ya fara yi. Bai bari ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, kuma ya rasu a 1999 duk ƙasar Hausa ta san sunansa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne. Bai ga takarda da idonsa ba, amma waƙarsa ta Imfiraji ta shiga littafi, ana karanta ta a makarantu. Kai kuwa kana da ido biyu, ga bik, ga kaye. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Amma a kula. Yarda da kai ba girman kai ba ne. Ba cewa na yi mutum ya bar gonarsa ya ɗauki kalangu ya shiga duniya ba. Waɗanda suka fara sassaben zamani ba su daina shuka hatsi ba. A gefen gona suka gwada, suka jira damana biyu ko uku, suka gani. Ga shawarata ga mai fasaha, daga abin da kututture ya koya mana.

Na ɗaya, kada ka sare da fushi. Takardar da aka yi wa dariya, ninke ta ka ajiye. Bayan sati ɗaya ka sake dubawa.

Na biyu, ka zaɓa. Kututture yakan fito da rassa goma ko ashirin, manomi ya bar uku ko biyar masu ƙarfi. In kana da waƙa goma a ka, ɗauki ɗaya ka gyara ta har ta miƙe.

Na uku, ka yarda da gyara. Sassabe ba kisa ba ne. Wanda ya ce maka "nan ka manta baƙi ɗaya", ko "wannan layi ya yi tsawo", masoyinka ne. Wanda ya ce "irinku ba su iyawa", bai ba ka komai ba, bar shi da maganarsa.

Na huɗu, ka nemi abokan tsaro, kamar yadda mutanen Ɗan Saga suka yi. Mutum biyu ko uku a cibiya, ku riƙa karanta wa juna abin da kuka rubuta kafin ku kai shi gaban jama'a.

Na biyar, ka rubuta. Kowace shekara muna binne tsofaffi, muna binne waƙoƙin daka da kirarin noma da sunayen magungunan dabbobi tare da su. Mutanen birni ba za su zo su rubuta mana ba, don ba su san su ba. Makiyayi ya san sunan kowace ciyawa daga nan har Gazawa. Tsohuwa a Gidan Runji ta san tatsuniya hamsin. In ba mu sa su a takarda ba, wa zai sa?

Ku kuma samari masu dariya, na yi muku faɗa a aji, ba zan maimaita ba. Ku tuna dai inuwar da kuke zama ƙarƙashinta, wanda aka yi wa dariya ne ya bar ta.

Mu malaman cibiyoyi ma muna da laifi. Mun iya koyar da baƙi da wasali da lissafin awon hatsi, amma ba mu cika tambayar ɗalibi abin da ke cikin ransa ba. Ni daga yanzu na keɓe rabin awa kowace Alhamis, kowa ya karanta abin da ya ƙago da kansa. Ina roƙon ƴan uwana malamai su gwada. Abin da ya yi kyau a aiko wa jarida, da sunan mai shi da na garinsu.

Kai kuma yayana mai waƙar rijiya, na san za a kawo maka wannan jarida, kuma da kanka za ka karanta, ba mai karanta maka. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu dariya. Takarda ka yage, waƙar tana nan cikin kanka. Wurinka a kan tabarma ba wanda ya zauna. Muna jiranka ran Alhamis bayan la'asar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.