Na'urar lantarki tana rage zogi, ba ta warkar da shanyewar jiki

A ƙasar Kurfai, in ƙafar mutum ta mutu ko hannunsa ya sage, sau da yawa akan ce iska ce ko sammu. Alhali shanyewar jiki tana da sanadi iri-iri: hawan jini, shan inna, ko allurar da ta taɓa jijiya. Akwai kuma wata cuta da likitoci ke kira siklerozi, wadda likitan Faransa Sharko ya bayyana a 1868. Tana zaizaye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya kasa isa gaɓoɓi. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 da 40. Zafi yana tsananta alamunta, abin lura ga wanda ya san bazarar Filinge.

Cikin dabarun sauƙaƙa wa masu ita akwai wata ƙaramar na'ura mai aiki da batir. Ana manna wayoyinta a fata, ta riƙa aika wuta kaɗan kaɗan. Tushen dabarar binciken Melzak da Wal ne na 1965: motsa jijiyar taɓi yana tare hanyar saƙon ciwo. Zogi yakan lafa na ɗan lokaci, amma cutar tana nan. Duk wanda ya shigo kasuwa da irin wannan na'ura yana cewa tana tayar da shanyayye, kuɗin gero da na awaki yake nema. Tana kuma da haɗari ga mai farfaɗiya, da mace mai ciki, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya.

Gano siklerozi sai da hoton ƙwaƙwalwa, kuma tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne. Wannan tafiya ba ta yiwuwa kowane mako. Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya su ƙarfafa asibitin Filinge da ma'aikatan motsa gaɓoɓi, su riƙa kai ziyara ƙauyuka, suna koya wa iyali miƙar da gaɓa da juya majinyaci don kada kwanciya ta yi masa gyambo. A hannun irin wannan ma'aikaci ne na'urar take da amfani.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su ma suna da nasu aikin: su karanta wa maƙwabta, su shaida musu cewa wanda jikinsa ya fara sagewa, asibiti za a fara kai shi, tun gaɓa ba ta ƙage ba.