Mai bashi a wuya ba ya cewa ba shi da lafiya

Ɗan yayata ya dawo gida Nima bayan wata tara yana wanke tukwane a wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ke zaga tsibiran Karibiyan. Kafin ya tafi, uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta, ta ɗauki adashe tun kwasarta ba ta zo ba, ta ƙara da rance, aka damƙa wa wani dillali mai ofis ɗaki ɗaya a Akara, wai kuɗin sama masa gurbi. Ranar da ya dawo ana ta barka, ni kuwa wata magana da ya faɗa yana dariya ce ta tsaya mini a rai. Sau biyu ya yi gudawa a jirgin, bai gaya wa kowa ba, ya daure ya ci gaba da aiki. Na ce don me? Ya ce, "Kawu, in sunana ya shiga cikin masu yawan ciwo, wa ya san ko za su sake kirana? Bashin Inna fa?"

To, kuɗin nan da dillali ya karɓa haramun ne a doka, ba a bakina kawai ba. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana a karɓi ko sisi daga ma'aikaci don a sama masa aiki. Abin da ke kansa shi ne fasfo, da littafin ma'aikacin teku, da takardar gwajin lafiya. Ko kuɗin biza mai jirgi ne zai biya. Yarjejeniyar ta kuma tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin 24. Yaron nan bai taɓa jin wannan ba. An koya masa sa rigar ceto da kashe gobara, da kyau, amma ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga haƙƙinka.

Kamfanonin jiragen sukan ce su ba su san da dillali ba. Mai ɗaukar dubban mutane aiki duk shekara, a ce bai san ta ƙofar da suke shigowa ba? Sun sani sarai, arahar ce ta yi musu daɗi.

Abin mamaki, wa suke cuta? Ƙa'idar tsabtar jiragen da ke shiga tashoshin Amurka ta ce mai taɓa abinci, in ya yi amai ko gudawa, ya kai kansa ga likita, a keɓe shi sai ya yi awa 48 garau. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ta dogara ga ma'aikaci ya buɗe baki. Wanda bashi ya shaƙe ba zai buɗe ba. Hannun da ya ɓoye ciwo shi ke wanke farantin attajirin da ke bene na sama.

An ga irin haka a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020. Jirgin Diamond Princess na ɗauke da mutum 3,711, cikinsu ma'aikata 1,045. Aka kulle fasinjoji a ɗakunansu saboda korona, ma'aikata kuwa suka ci gaba da kai musu abinci ƙofa-ƙofa, suna kwana ɗaki ɗaya da abokan aiki, suna cin abinci wuri guda. Sama da mutum 700 suka kamu, kuma cikin ma'aikatan da suka fara kamuwa galibi masu aikin abinci ne.

Na san abin da za a ce mini: ai gara wannan da zaman majalisa a bakin titi. Ban ce kada yara su tafi ba. Albashin jirgi ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma mu iyaye muna da namu laifin. Mu ke kai kuɗin da hannunmu, har muna yi wa dillali godiya da addu'a, ba mu tambayi lasisinsa ba, ba mu ce a karanta mana kwantaragi ba.

Yaron zai koma bayan Sallah, kuma dillalin ya aiko wai a kawo na sabunta gurbi. Na ce wa yayata kada ta ba da ko sisi. Gobe ni da yaron za mu ofishin nasa, mu ji a wace doka ya samo wannan kuɗin.