Raunin da Ba Ya Jini: Mai Keke, Gangaren Gada da Tsoron da Ake Yi wa Dariya

Kano gari ne shimfiɗaɗɗe. In aka cire Dala da Goron Dutse, mai keke zai iya tasowa daga Unguwa Uku ya ratsa birni bai gamu da tudun da zai sa shi haki ba, balle gangaren da zai sa gabansa ya faɗi. Haka abin yake tun zamanin da keken Raleigh ke cikin kayan alfarmar malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Amma a shekarun baya-bayan nan birnin ya gina wa kansa tuddai na siminti. Tun daga gwamnatin Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015, har zuwa ta Ganduje da ta biyo baya, gadojin sama da na ƙasa suka yawaita, kuma titin Zariya da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya samu rabonsa: ga Gadar Lado, ga ta Dangi mai hawa-hawa. Domin mota aka tsara su. Mai keke, wanda ba a sa da shi a lissafi ba, ya wayi gari yana sauka daga tsayin da shi da kekensa ba su saba da shi ba.

Masu hawan kuma ba raguwa suke yi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka ciro tsohon keke daga zaure suka kai shi wurin mai gyara. Akwai maigadi, akwai ɗan aiken ofis, da lebura, da malamin Islamiyya, da mai tallan yogot da akwatinsa a baya, da yaran sakandare da ke goyon juna. Yawancin kekunan nan robar birkinsu ta cinye. Wasu birki ɗaya ne ke aiki, wasu kuma tafin silifa ne birkin, a dafa shi a kan taya ta baya a yi fatan alheri. A titi miƙaƙƙe wannan dabara takan fisshe mutum. A gangaren gada lissafin daban ne. Keken da ya sauko daga tsayin mita 6 ba tare da an taɓa birki ba zai iya haura gudun kilomita 30 a awa kafin ya iso ƙasa, kuma duk wanda ya daki abu tsayayye da wannan gudu, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi, wato kusan daga kan rufin ɗaki. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa. A gindin gadar kuwa, nan rairayi ke taruwa a gefen kwalta, nan kuma ɗan Adaidaita Sahu ke cin burki ba zato don ya hango fasinja.

Abin da ke biyo bayan faɗuwar sananne ne ga duk mai bin titin. Jama'a za su taru, a ɗaga shi, a zuba masa ruwan leda a ka, a duba ko jini na zuba, a ce ya motsa hannu ya taka ƙafa. In babu jini babu karaya, sai a yi hamdala, a miƙe masa kan keken da ya karkace, a ce Allah ya taƙaita. Shi ma, don kunyar idon mutane, sai ya kakkaɓe riga ya haye. A nan ne haɗari na biyu yake farawa, kuma shi ne wanda al'umma ke da hannu a cikinsa, domin ma'aunin da ake auna rauni da shi, jini da ƙashi, ba ya ganin ƙwaƙwalwa. Ƙashi yana da mai ɗori, ƙujewa tana da ɗan kemis. Kai kuwa, muddin bai fashe ba, ana ɗaukarsa lafiyayye.

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak bayan gudu, ko ya murɗa da ƙarfi, ita ba ta tsayawa tare da shi. Sai ta girgiza, zaren jijiyoyinta su miƙe fiye da kima, sinadaran da ke kai saƙo tsakaninsu su rikice, kuma ta shiga buƙatar kuzari mai yawa a daidai lokacin da ba ta iya samunsa. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Abubuwa biyu game da ita sun saɓa wa abin da mutane suka ɗauka. Na farko, ba sai an suma ba: mafi yawan waɗanda suka same ta ba su taɓa fita hayyacinsu ba. Na biyu, hoton ƙwaƙwalwa na CT yakan fito lafiya lau, domin aikin ƙwaƙwalwar ne ya tabu, ba siffarta ba. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske da hayaniya, mantuwa, maimaita tambaya ɗaya, saurin fushi, da rikicewar barci, kuma wasu ba sa bayyana sai bayan sa'o'i. Yaron da ya faɗi da keke ranar Litinin ya kasa riƙe hadda ranar Laraba, ba lalaci ya same shi ba, ba kuma iska ce ta taɓa shi ba.

Kada a ɗauka wannan makanta ta talaka ce kawai. A gasar Tour de France ta 2020, wadda ke da likitoci da motocin asibiti suna biye da 'yan tsere, ɗan Faransa Romain Bardet ya faɗi a zango na 13. Ya miƙe, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya sake zubewa, duniya tana kallo a talabijin. Duk da haka aka mayar da shi kan keke, ya tuƙa kimanin kilomita 90 har ƙarshen zangon a cikin duwatsu. Da dare aka cire shi daga gasar, gwaji kuma ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa da ɗan zubar jini a cikin kai. A ƙarshen shekarar ne hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fito da ƙa'idar tantance irin wannan rauni a bakin hanya. Darasin da ke ciki ya shafi Tarauni kai-tsaye: wanda kansa ya bugu shi ne na ƙarshe da ya cancanci a tambaya ko zai iya ci gaba, domin gaɓar da zai yanke hukuncin da ita ce ta ji ciwo. Hukuncin na waɗanda ke tsaye a kansa ne.

Akwai kuma abin da ya fi girgiza muni. Wani lokaci bugun yakan tsinka jijiyar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jinin ya riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum zai tashi garau, ya yi magana, ya koma gida ya ci tuwo, sannan bayan wasu sa'o'i ya fara gushewa. Saboda haka ciwon kai mai ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, barcin da ake kasa tashin mutum daga gare shi, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, karkacewar magana, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci, duk ba na kemis ba ne. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da sa'ar da mutanen garuruwa da dama ba su da ita: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a kan titin Zariya, tafiyar mintuna kaɗan daga gadojin. Kusancin asibiti ba ya amfanar wanda aka riga aka ce masa ya je gida ya sha haɗin maganin ciwon jiki. Wasu daga cikin magungunan da ake haɗawa, irin su asfirin, suna hana jini daskarewa, masu sa maye kuma suna rufe alamomin da ake son a lura da su.

Idan ba a ga waɗannan alamomin haɗari ba, jinyar ba ta da tsada, sai dai tana cin lokaci. Taron ƙwararru na duniya kan wannan rauni da aka yi a Amsterdam ta ƙasar Holan a watan Oktoban 2022 ya yi watsi da tsohuwar shawarar kulle mutum a ɗaki mai duhu na makonni. Abin da ya tsaya a kai shi ne hutu na kwana ɗaya zuwa biyu, da rage kallon waya da talabijin a cikinsu, sannan a fara motsa jiki a hankali, kamar tattaki, ana ƙarawa mataki-mataki muddin ciwon bai tsananta ba. Mafi yawan mutane suna warkewa cikin makonni biyu zuwa huɗu. Abin da ake gudu a tsakanin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, domin ƙwaƙwalwar da ke jinya ta fi saurin jin ciwo, ga kuma jinkirin da ke tattare da mai ita wajen ganin haɗari da kauce masa. Don haka ne ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 domin wasannin unguwa da makarantu ta hana komawa gasa kafin kwana 21.

Saura tsoro, wanda shi ne aka fi yi wa rashin adalci. Mutumin da ya taɓa kifawa a gangare, in ya sake isa saman gada sai hannunsa ya ƙage a kan birki, zuciyarsa ta riƙa bugawa, ya sauka ya tura keken. Abokai su yi masa dariya, a tuna masa cewa faɗuwar gaba asarar namiji, ko a ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Karin maganar ta biyu ta yi kuskure a wannan wuri, domin gangaren ba tsumma ba ne, macijin ne da kansa. Bayan haka, wani kaso na tsoron ba daga zuciya yake fitowa ba. Daidaiton mutum a kan keke aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin ido, da cikin kunne, da jijiyoyin wuya, kuma bugun kai yakan rikita wannan haɗin. Wani lokaci wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke cikin kunne sukan goce daga mazauninsu, mutum ya riƙa jin duniya na juyawa in ya waiwaya. A tafiyar ƙasa ba zai lura sosai ba. A gangare, inda komai ke wucewa da sauri kuma dole a waiga a duba mota, nan take jiki zai gane cewa ba ya samun labari daidai, sai ya ja da baya. Jiki magayi ne. Irin wannan jiri yana da magani a wurin likitocin kunne da masu gashin ƙashi, wani lokaci ta hanyar juya kan majiyyaci kawai bisa wani tsari. Mai irin wannan matsala da aka zuga ya sake gangarawa don ya nuna shi namiji ne, an tura shi ne ya tuƙa da rabin gani.

In jiki ya warke tsoron bai tafi ba, shi ma ba a korarsa da gori. Thibaut Pinot, wani ɗan tseren Faransa, ya fito fili a gasar 2013 ya amsa cewa yana tsoron gudu a gangaren dutse, bayan da abokan tserensa suka bar shi a baya a tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifaniya. Bai ɓoye ba, bai kuma rufe ido ya afka ba. Ya je ya riƙa tuƙa motar tsere a fili killatacce domin ya saba wa idonsa da gudu, ya koma gangare kaɗan-kaɗan. A 2014 ya zo na uku a Tour de France. Tsoronsa kuma ba na banza ba ne: a gangare Fabio Casartelli ya rasu a 1995, a gangare Gino Mäder ya yi faɗuwar da ta yi ajalinsa a Suwizalan a watan Yunin 2023 yana da shekara 26. Hanyar Pinot tana buɗe ga ɗan aiken ofis: a gyara birki biyun, a koyi matsa su tare tun daga saman gada maimakon a danne na gaba shi kaɗai a ƙasa, a fara da ƙaramin gangare ranar da titi ba cunkoso. Wanda kuma ya zaɓi ya bi ta ƙasan gada har abada, ko ya tura kekensa, bai yi asarar komai ba sai minti uku.

Za a ce ina batun hular kwano. Amfaninta tabbatacce ne: tana rage munanan raunukan kai da fiye da rabi, shi ya sa UCI ta wajabta ta a 2003 bayan rasuwar Andrei Kivilev. Amma tana kare ƙoƙo ne fiye da yadda take hana ƙwaƙwalwa girgiza, don haka mai hula ma yana buƙatar duk abin da aka ambata a sama. Kuma Kano ta riga ta ga ƙarshen wajabta hula da bulala. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta wa masu babur sa ta a farkon 2009, 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya da robar fenti a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya, dokar ta mutu a tsaye. Maimaita wannan a kan mai keken da bai iya sayen robar birki ba zai haifar da sabuwar hanyar karɓar na goro ne kawai. Hula ta fi dacewa ta fara daga inda kuɗin yake: iyayen da suka iya saya wa yaro keken zamani, da makarantun kuɗi da ɗalibansu ke zuwa a kai, da ofisoshin da ke aiken ma'aikaci a kan keke.

Nan ne maganar ta dawo kan masu albashi da masu ɗaukar aiki. Shawarar hutun kwana biyu da komawa aiki a hankali tana da daɗin faɗa ga wanda albashinsa ke shiga banki ko ya fita ko bai fita ba. Lebura da mai tallan yogot in ba su fita ba, ba a ɗora tukunya. Su ba jahilci ne ke mayar da su kan keke washegari ba, yunwa ce. Mai gidan da maigadinsa ya iso da kumburi a goshi yana maimaita gaisuwa, da shugaban ofishin da ɗan aikensa ya dawo yana dafe kai, da hedimastan da ɗalibinsa ya faɗi a hanyar makaranta, su ne ke da ikon da likita ba shi da shi: su sa a duba shi, su tabbatar akwai mai kwana kusa da shi a daren farko, su ba shi mako biyu na aikin da ba hawa keke a ciki ba tare da an taɓa albashinsa ba, su kuma biya masa kuɗin Adaidaita Sahu har jirin ya sake shi.